Ƙafa Huɗu Tana Tayar Da Mota, Ba Ta Tsayar Da Ita

Da zarar watan Oktoba ya raba tsakiya, kasuwar motocin hannu a biranen Kanada irin su Winnipeg da Edmonton da Ottawa, da na arewacin Amurka irin su Minneapolis da Buffalo, sai ta canza fuska. Motar da ta shafe watanni tana shan rana a filin dillali sai ka ga an yanyame ta, muddin dai akwai haruffan AWD a bayanta, wato mai jan ƙafa huɗu. A cikin masu zagayen ba a rasa baƙi, har da namu na Najeriya da Nijar da Gana: ɗalibin da ya gama karatu ya samu aiki, ma'aikaciyar jinya mai fita aikin dare, magidancin da iyalinsa suka iso bara. Yawancinsu sun iya tuƙi tun suna samari, amma ba su taɓa taka birki a kan ƙanƙara ba. Sai ga Audi A6 ko BMW 5 Series ko Mercedes E-Class mai shekara shida ko bakwai, kujerun fata, ciki kamar falon attajiri, kuma kuɗin da ake nema bai wuce na sabuwar Corolla ba. Dillali ya shafa bodinta ya ce, "Wannan ai ba ta san hunturu ba." Wa zai ƙi?

Maganar dillalin da gaskiya a cikinta, sai dai rabi ce. Motar da ke jan ƙafa biyu kaɗai, duk ƙarfin injinta a kan tayoyi biyu yake sauka, idan ƙasa ta yi santsi sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. In aka raba ƙarfin nan gida huɗu, abin da ake nema daga kowace taya ya ragu, sai motar ta tashi lafiya daga fitilar hanya, ta hau tudu, ta fita daga inda motar share titi ta tara mata dusar ƙanƙara cikin dare. Injiniyoyin Audi sun ga wannan da idonsu a hunturun 1977, lokacin da suke gwajin motoci a can ƙuryar arewacin Turai: wata 'yar jif ta soja mai suna Iltis, wadda injinta bai taka kara ya karya ba, ta riƙa barin manyan motoci a baya saboda ƙafafunta huɗu duk suna ja. Daga nan aka haifi quattro, motar Audi mai jan ƙafa huɗu, aka nuna ta a bajekolin motoci na Geneva a 1980. Mercedes ta fito da nata tsarin, 4MATIC, a tsakiyar shekarun 1980, BMW kuma ta raɗa wa nata xDrive a 2003. Lexus da Acura da Volvo da Genesis kowa da nasa.

Abin da dillalin bai faɗa ba shi ne, kowace mota a duniya birkin ƙafa huɗu gare ta. Wajen tsayawa, A6 ba ta fi tsohuwar Corolla da komai ba. Hasali ma ta fi ta nauyi, don irin waɗannan motoci sukan doshi tan biyu, kuma nauyi a kan santsi ba ya son tsayawa. Dokokin hanya na Birtaniya suna gargaɗin cewa tazarar tsayawa a kan ƙanƙara tana iya ninka ta busasshen titi sau goma. Ga kuma yaudarar da ke cikin abin. Direban mai ƙafa biyu yana jin santsi tun daga tashi, taya ta ɗan zame, gabansa ya faɗi, ya rage gudu. Direban mai ƙafa huɗu ba ya samun wannan gargaɗin. Motar tana tashi sumul, ɗumi ya ratsa kujera, rediyo na kiɗa, bai san titin ya koma gilashi ba sai ya zo kwana ko wani ya tsaya a gabansa. Gadoji kuma su ne ke fara daskarewa, saboda iska mai sanyi tana bi ta sama da ta ƙasansu.

Don haka, in da ni zan tsara wa mai saye kasafinsa, da taya zan fara. Robar tayar bazara tana fara taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, kuma taurarriyar roba ba ta kama titi, ko da babu ɗigon ƙanƙara a kansa. Tayar hunturu da wani haɗin roba ake yin ta, wanda ba ya rasa laushinsa cikin sanyi, an kuma tsattsaga fuskarta da ƙananan yanka masu yawan gaske, waɗanda ke buɗewa su ciji ƙanƙara duk lokacin da nauyi ya sauka a kansu. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Nokian na Finland ya fara ƙera irinta tun 1934. Alamarta a gefen taya take: dutse mai kawuna uku, da furen ƙanƙara a cikinsa. Haruffan M+S kaɗai ba su kai wannan ba.

Gwamnatocin ƙasashen sanyi sun daɗe da yanke hukunci a kan wanne ya fi muhimmanci. A lardin Quebec doka ce tun 2008 a sa tayar hunturu, kuma yanzu wa'adin ya kama daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontario ba dole ba ne, amma tun 2016 an wajabta wa kamfanonin inshora su yi ragi ga wanda ya sa. Jamus tana buƙatar ta duk ranar da hanya ta yi ƙanƙara, Suwidin ma haka tsakanin Disamba da ƙarshen Maris. Duk cikinsu babu dokar da ta ce mai ƙafa huɗu ya sha. Mota mai jan gaba da tayoyin hunturu nagari ta fi mai ƙafa huɗu da tayoyin bazara aminci nesa ba kusa ba, kuma abin takaici, motocin alfarma masu manyan rim sau da yawa da tayar bazara suke fitowa daga kamfani.

A nan mai saye zai tsuguna ya karanta tayar da kansa. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi, huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ta fara tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Ya kuma duba ko duka huɗun iri ɗaya ne, cinyewarsu ta zo daidai. Wannan ba maganar kwalliya ba ce. A mota mai ƙafa huɗu, idan taya ɗaya sabuwa ce sauran sun suɗe, kewayensu ya bambanta, saurin juyawarsu ma ya bambanta, sai akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya ɗauka kullum ana zamewa ne, ya yi ta aiki har ya ci kansa. Shi ya sa rami ɗaya ya fasa taya ɗaya yana iya jawo sayen huɗu. Wanda ya sa wa motarsa tayoyi kala uku don tsimi, ya riga ya gaya maka yadda ya riƙe sauran motar.

Daga taya sai ƙarƙashi, inda asirin motar ƙasar sanyi yake. Kanada kaɗai takan zuba wajen tan miliyan biyar na gishiri a titunanta kowace shekara, Amurka kuma ta ninka haka. Gishirin girki yana narkar da ƙanƙara har zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili, in sanyi ya wuce nan sai a koma ga wasu sinadaran da suka fi shi manne wa ƙarfe. Ruwan gishirin nan yana fantsama ya shige kowane lungu, ya kwana a can. Bodi na iya ƙyalli kamar jiya aka fito da ita, saboda manyan kamfanoni sun iya kare fatar mota, amma ƙarafan da ke ɗauke da inji da ƙafafun baya, da siraran bututun man birki, da salansa, da notuna, duk suna ruɓewa a ɓoye. Motocin alfarma kuma an rufe cikinsu da faifan roba, wanda ke hana ido gani, yana kuma riƙe laima.

Ba yadda za a yi a san gaskiyar wannan sai an ɗaga motar sama a garejin makaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya nuna ba. A kwance faifan robar, a haska tocila. Jan tsatsa na sama-sama ba abin damuwa ba ne, kowace mota a can tana da shi. Abin gudu shi ne ƙarfen da ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, wanda in makanike ya soka masa sukudireba sai ta nutse. Haka kuma baƙin fenti mai kauri, sabo fil, da aka fesa a ƙarƙashin mota mai shekara takwas ana gab da sayar da ita, ya kamata a tambayi abin da ake rufewa. Kuɗin wannan binciken bai kai na taya ɗaya mai kyau ba a wurare da yawa. Mai motar da ya hana a kai ta, a bar masa kayarsa.

Wannan batu bai tsaya a kan mazauna can ba. Motoci da yawa da ake saukewa a Kwatano da Legas daga gwanjon Amurka da Kanada suke fitowa, wasunsu sun yi shekara goma suna wanka da ruwan gishiri. Mai sayen 'yar Kwatano a Kano ko Maraɗi, in ya ga takarda ta nuna Ontario ko Michigan ko New York, shi ma ya leƙa ƙasa kafin ya leƙa ciki.

Gwajin tuƙi ma akwai yadda ake yin sa. A samu fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali hagu da dama. In motar tana tirjewa ko tana kakkarwa kamar ana riƙe ta, akwatin rabon ƙarfi ya fara gajiya, kuma gyaransa ba na yara ba ne. A nemi a tayar da injin da safe yana sanyi, don a lokacin ne ƙarar sarƙar inji da raunin batir suke bayyana. Ƙarfin batir ma a digiri 18 ƙasa da sifili ake auna shi, kuma a Winnipeg sanyi yakan wuce 30, shi ya sa za ka ga wayar lantarki tana reto a hancin motoci, ana jona ta da soket don ɗumama inji cikin dare. A kunna duk abin da ke ba da ɗumi, na kujera da na gilashi da na madubi. A can ba kayan gayu ba ne.

Akwai kuma abin da babu tsarin da zai gyara: mota salun gajeriya ce. Tsakanin cikinta da ƙasa yawanci bai wuce santimita 13 ko 14 ba, alhali Subaru Outback tana da wajen 22. Cikin gari inda ake share titi da asuba, wannan ba matsala ba ne, kuma gajartar ma tana ba ta natsuwa a babbar hanya. Amma mai zama a ƙauye, inda motar shara sai la'asar, zai tarar da cikin motar ya hau kan dusar ƙanƙara ya zauna, ƙafafu huɗu suna juyawa a banza.

To wace za a saya? Ra'ayina, wanda albashinsa ke da iyaka ya fara duba Lexus GS ko IS masu ƙafa huɗu, ko Acura TLX, don makanikai sun san su da rashin fitina. Na Jamus sun fi daɗin tuƙi, ba na musu, amma kowace da shekarun da ake kaffa-kaffa da su: injin 2.0 na Audi na wajen 2009 zuwa 2011 ya yi suna wajen shan baƙin mai, injin N20 na BMW na farkon shekarun 2010 kuma an sha kuka da sarƙarsa. Duk motar da ke tsaye a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, sanyi da tsufa suna fasa su, wata safiya ka fito ka same ta a durƙushe. Farashin motar ne ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa, ga fetur mai tsada da yawancinsu ke sha, ga inshora da ke yi wa sabon zuwa tsada saboda ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar. A kira kamfanin inshora a ji farashi kafin a biya ko sisi.

Takardu su ne cikon aiki. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, da ita ake ciro tarihinta daga irin su Carfax: haɗari, yawan masu ita, inda ta zauna, ko an taɓa yanke mata hukuncin mutuwa aka sake haɗa ta. A Ontario doka ta ɗora wa mai sayar da motarsa da kansa ya kawo kundin bayananta, wanda ke nuna ko akwai bashi a kanta. Sai rasit na sabis, musamman na canjin man giya da na akwatin rabon ƙarfi, waɗanda masu motoci da yawa ba sa tunawa da su. Motar da ta yi kilomita dubu ɗari da hamsin da cikakkun rasit ta fi wadda ta yi dubu tamanin ba ko ɗaya. In kuma mai motar ya ce akwai tayoyin hunturu huɗu a kan rim ɗinsu a gareji zai haɗa maka, ka je ka karanta lambobin nan huɗu na gefensu kafin ku yi ciniki.