Ma'aikacin Laburare da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa: Kowane Zamani da Irin Iliminsa

Gabatarwa

Duk manomin da ya taɓa shuka gero ko dawa a jigawar Achilafiya, ko Roni, ko Gwiwa, ya san wuta-wuta, wato ƙuduji, ciyawar nan da ke manne wa saiwar hatsi tana tsotse ruwa da abincinsa har ya tsumbure. To, a ƙaddara ɗan wannan manomi ya sami shiga babbar makaranta a Kazaure ko Babura, malaminsa ya ɗora masa aikin nemo abin da masana suka gano game da wannan annoba. Babu inda zai dosa sai laburare. A da, akwatin katuna da kantar littattafai zai tarar. A yau kuwa, mafi yawan abin da yake nema ba ya bisa kanta, yana cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Samun biyan bukatarsa ko rashinsa ya rataya a wuyan ma'aikacin da ya tarar a bakin tebur, da kuma irin horon da wannan ma'aikaci ya samu.

Daga kati zuwa na'ura

Aikin laburare tun asali aiki ne na rarrabewa, kamar yadda masanin halittu yake rarrabe tsirrai da dabbobi gida-gida. A 1876 Melvil Dewey na Amurka ya fito da tsarin da ya kasa ilimi gida 10, inda kimiyyar rayuwa ta sami lamba 570. Kowane littafi akan yi masa katuna, ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafin, wani kuma da fannin da ya ƙunsa.

A shekarun 1960 wata ƙwararriya mai suna Henriette Avram, a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC, wanda ya mayar da bayanin kati zuwa sigar da na'ura za ta iya karantawa. Kowane ɓangare na bayanin yana da gurbinsa da lambarsa: sunan marubuci a gurbi na 100, sunan littafi a gurbi na 245. Amfanin wannan shi ne, idan wani laburare ya tsara bayanin littafi sau ɗaya, sauran sai su kwafa. Amma na'ura ba ta da uzuri. Idan ma'aikaci ya sa sunan marubuci a gurbin da ba nasa ba, littafin yana nan bisa kanta, amma ga mai nema tamkar ya ɓata.

Darasin shekarun 1990

A Nijeriya horar da ma'aikatan laburare ya daɗe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe sashen koyar da ilimin laburare a 1968. Sai dai waɗanda suka yi karatu a wancan lokaci kati da keken rubutu suka sani.

A shekarun 1990, ta hanyar wani rance na Bankin Duniya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba wa laburarorin jami'o'in tarayya kwamfuta da wata manhaja mai suna TINLIB. A wurare da yawa shirin bai yi nisa ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa, kuɗin sabunta lasisi ya yi nauyi, sannan ma'aikata ƙalilan aka horar, su ma na 'yan kwanaki. Da wanda ya iya ya sami canjin aiki, sai na'urar ta koma ƙarƙashin mayafi tana shan ƙura. Darasin a fili yake: sayen injin abu ne mai sauƙi, samar da hannun da zai riƙe shi ne jan aiki.

An amfana da wannan darasi daga baya. A shekarun 2000, lokacin da gidauniyoyin Carnegie da MacArthur na Amurka suka tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da ta Ahmadu Bello da ta Bayero a Kano, an haɗa tallafin da horar da ma'aikata, inda Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois ta taka rawa. Haka kuma manhajar Koha, wadda aka ƙirƙiro a New Zealand a 1999, ta sami karɓuwa a laburarori da dama domin ba a biyan kuɗin lasisinta. Amma kyautar tana da sharaɗi, tunda dole a sami ma'aikacin gida da ya iya girka ta da kula da ita.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya iya

A koma ga ɗalibin nan na Achilafiya. Idan ya rubuta "wuta-wuta" a rumbun mujallun kimiyya, da wuya ya ga wani abin kirki. Masana sun san ciyawar da sunan Striga hermonthica. Gero kuwa ya fi rikitarwa, domin a tsofaffin rubuce-rubuce ana kiransa Pennisetum typhoides ko Pennisetum americanum, daga baya Pennisetum glaucum, sannan a 2010 wasu masana suka mayar da shi Cenchrus americanus. Wanda ya nema da suna ɗaya tak, ya yi asarar aikin shekaru masu yawa.

Ƙwararren ma'aikaci ya san yadda ake haɗa kalmomin nema bisa ƙa'idar lissafin George Boole na Ingila. Zai umarci na'ura ta kawo duk rubutun da ya ambaci wannan suna ko wancan daga sunayen gero, sannan ta tace, ta bar waɗanda suka ambaci Striga kaɗai. Umarnin farko yana faɗaɗa koma, na biyu yana tsince kifin da ake so.

Bayan haka, wajibi ne ya san inda rumbunan suke. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, a 2003 kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe AGORA, domin cibiyoyin ƙasashe masu tasowa su karanta dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa. Amma sai cibiya ta yi rajista, kuma sai ma'aikaci ya koya wa malamai da ɗalibai hanyar shiga. Ƙofa a buɗe ba ta amfanar wanda bai san tana nan ba.

Har ila yau, akwai aikin tantancewa. Intanet cike take da mujallun bogi masu buga kowane irin rubutu muddin an biya, ga kuma manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da kan ƙago sunan maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. Raba tsaki da tsakuwa a nan ya zama sabon nauyi a kan ma'aikacin laburare.

Ina za a sami horon?

Arewa maso yammacin Jigawa ba ta rasa abin farawa ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da kuma cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da gwamnatin jiha ta kafa a farkon shekarun 2000. A 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. A matakin ƙasa, akwai Ƙungiyar Laburarori ta Nijeriya mai shirya tarurrukan ƙara wa juna sani, da Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare da aka kafa da doka a 1995, sai Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati.

Abin lura shi ne yadda za a tsara horon. Bita ta kwana uku a otal ba ta wadatarwa idan ma'aikaci zai dawo ya tarar babu na'urar da zai gwada abin da ya koya. Ya fi dacewa horon ya kasance a wurin aiki, a kai a kai, ya haɗa har da ƙananan ma'aikata, domin su ɗalibi ke fara tararwa. Wanda aka tura kwas kuma a wajabta masa koyar da abokan aikinsa. Tsofaffin ma'aikata ba abin yarwa ba ne, tunda su suka san ƙa'idar rarrabewa. Matasa kuma hannunsu ya faɗa da na'ura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Kwamfuta ba ta kori ma'aikacin laburare ba, ƙara masa aiki ta yi. Makarantar da ta ware kuɗin sayen na'urori, ya kamata tun a kasafin farko ta ware na wuta mai amfani da hasken rana da na horar da masu riƙe su. In an yi haka, ɗan manomin Achilafiya zai koma gida da sanin cewa jujjuya shuka da waken suya ko gyaɗa, da ƙara wa ƙasa taki, da cire ciyawar kafin ta zubar da iri, suna rage ƙarfin wuta-wuta a gona.