Inji Ba Ya Tambaya

Duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki a kasuwar Gaya ya san cewa kafin almakashi ya taɓa yadi sai an rubuta awo. Haka abin yake ga manyan injunan bugu, masu fitar da takardu dubu-dubu irin su takardar sakamakon jarrabawa da ta kuɗin wuta da muke karɓa a Gaya da Ajingi. Amma akwai bambanci ɗaya. Tela yakan yi tambaya in ya ga awon da gyara. Inji kuwa ba ya tambaya.

A shekarar 1977 kamfanin Xerox na Amurka ya fito da wani inji mai suna 9700, wanda ke buga shafi 120 a minti ɗaya, wato 7,200 a awa. Babbar kwamfuta takan zubo masa sunaye da lambobi a jere, bai san inda wani layi ya ƙare wani ya fara ba. Saboda haka sai ma'aikaci ya rubuta masa umarni tukuna. Ana kiran wannan rubutu JSL. Kwamfutar da ke jikin injin ce ke juya shi zuwa JDL, wanda injin ke bi.

Kowane umarni da aikinsa. RECORD yana faɗin tsawon kowane layi. Sau da yawa harufa 133 ne: na farko ba a buga shi, shi ne ke cewa a tsallake layi ko a buɗe sabon shafi, sauran 132 su ne ke fitowa a takarda. OUTPUT yana faɗin kwafi nawa ake so, da ko za a buga gaba da baya. Kowane umarni kuma sai an rufe shi da waƙafi mai ruwa. A saman rubutun akan sa dokokin da suka shafi dukan ayyuka, sa'an nan kowane aiki ya sami nasa sashe. In sun saɓa, na aikin ake bi, kamar yadda tsarin ranar jarrabawa yakan ture tsarin darussa na kullum.

To, a ce ma'aikaci ya rubuta 132 maimakon 133. Layi na biyu zai goce da harafi ɗaya, na uku da biyu, har sunan ɗalibi ya rabu da makinsa. Cikin minti 10 an yi asarar shafi 1,200. Shi ya sa gwanaye sukan buga 'yan shafuna kaɗan su duba kafin su saki injin.

Wannan darasi namu ne duka. In za mu kai littafin nan ko tsarin sujadar aure wurin masu bugu a Kano, kada mu dogara ga maganar baki. Mu rubuta girman takarda da yawan kwafi, mu kuma duba lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, don kada "ƙasa" ta koma "kasa". Masu iya magana sun ce, tun ran gini tun ran zane. Ubangiji ya ba mu natsuwa cikin ƙananan ayyuka.