Lemun tsami a ɗakin awon jini: me zai iya yi wa dabbobinmu, me ba zai iya ba?

Idan saniya ta rame, ko akuya ta daina kiwo, likitan dabbobi yakan ɗebi jini ya aika a duba. A ƙauye ana iya yin kwanaki ana jiran amsa, wani lokaci ma a ce ruwan awon ya ƙare sai an kawo daga Yamai, inda babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LABOCEL, yake. Kafin nan makiyayi ya gaji, ya sayi allura a kasuwa ya yi ta ka. Shi ya sa wasu masana suka fara neman abin da zai maye gurbin wannan ruwa daga cikin tsiran da ke kusa da mu.

Ga yadda ƙidayar take. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Jajayen sun fi yawa nesa ba kusa ba, suna rufe fararen a ƙarƙashin madubin likita. Sai a haɗa kashi 1 na jini da kashi 19 na wani ruwa da ake kira ruwan Türk. Abu biyu ne a cikinsa: ɗan tsami irin na binegar, wanda yake fasa jajayen su ɓace, da shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, wanda yake rina fararen su fito sarai. A ɗiga a kan gilashi mai zane, a ƙirga murabba'i 4 na kusurwa, a ninka sau 50. Lafiyayyar saniya takan ba da tsakanin 4,000 da 12,000 a mikrolita ɗaya, wato ɗigon da bai kai kan allura ba.

Tun da tsami ne ke yin aikin, lemun tsami na iya fasa jajayen, kuma an gwada hakan a makarantun koyon aikin awo a Indonesiya. Don rini kuwa, masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada soɓorodo da karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, a kan siraran yankan nama. Duk suna kama launi.

Matsalar ita ce tsiro ba shi da ma'auni ɗaya. Lemun da aka tsinka ɗanye da wanda ya nuna ba tsaminsu ɗaya ba. Idan tsamin ya yi kaɗan, jajaye su rage su rikita ƙidaya; idan ya yi yawa, fararen ma su lalace. Ɓarɓashin lemun da ba a tace sosai ba yana kama da ƙwayar jini, mai ƙirga ya haɗa da shi, a ninka kuskuren sau 50. Ga shi a zafinmu ruwan ba ya daɗewa sai ya yi fumfuna. Soɓorodo kuma, duk matar da ta taɓa sa masa kanwa ta san yana juya launi nan take. A ganinmu, farin binegar da aka rubuta ƙarfinsa a jikin kwalba ya fi lemu kusa da ainihin ruwan, don tsaminsu iri ɗaya ne. Kowanne aka ɗauka, sai ma'aikacin awo ya gwada shi gefe da gefe da ruwan asali a kan jini ɗaya kafin ya yarda da shi. Wannan aikinsa ne, ba na gida ba.

Masu kaji da zabi su sani wannan dabara ba ta yi musu. Jajayen ƙwayoyin tsuntsu suna da cibiya, tsami ba ya kawar da ita, ruwan awonsu dabam ne.

Haka kuma ƙidayar farare ba ta faɗin sunan cuta. Ganin ƙwayar cutar da kaska ke sa wa jini yana buƙatar rini na musamman, irin Giemsa, kuma a nan ba mu ba da shawarar a dogara da ruwan tsiro ba.

Abin da ya fi damun garkenmu a damina da bayanta shi ne ƙarancin jini, daga tsutsar ciki, ciwon hanta ko sammore. Shi kuwa awonsa ba ya cin ruwan awo ko ɗigo: a sa jini a siririn bututu, a juya a inji minti 5, a auna rabon jajaye. Saniya da ta gaza kashi 24 cikin 100 jininta ya yi ƙasa. Ga tumaki da awaki ma makiyayi na iya dubawa da kansa: ja fatar ido ta ƙasa a cikin haske. Ja ko jaja-jaja lafiya ce, fari-fari alamar jini ya ragu ne. Wannan dabara, FAMACHA, daga Afirka ta Kudu ta fito, tana da kati mai launi 5.

In za a aika jini, a ɗeba kafin a yi wa dabba allura, a cikin kwalbar likita mai hana shi daskarewa. A juya ta a hankali, kada a girgiza. A sa ta cikin sanyi amma kada ta ƙanƙare, ta isa a ranar. Ƙungiya na iya tsayar da ranar kasuwa ɗaya da mataimakin likita zai ɗebi jinin dabbobin mambobi, a haɗa kuɗin mota a kai gaba ɗaya.