Zanen bakin gulbi da fentin mai: abin da ya kamata ku sani

Garinmu Gatawa ba shi da teku, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Gulbin Rima ko rassansa, Bunsuru da Gagere, bayan ruwa ya janye ya bar farin rairayi, ya ga abin da masu zanen Faransa suka yi ta bi a bakin tekunsu. Salon nasu, wanda ake kira impireshanizim, ya fito fili a baje kolin da suka yi a Paris a 1874, inda Claude Monet ya nuna zanen fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre. Mai zane Eugène Boudin ne ya fara jan Monet zuwa yin zane a fili, ƙarƙashin rana. Abin da ya sauƙaƙa musu fita shi ne fentin da aka fara ɗurawa a bututun matsawa tun 1841, wanda mutum zai jefa a jaka ya tafi.

Mai wannan salo haske yake zanawa. Bai damu da ƙirga igiyoyin komar masunci ba. Abin da yake so ya kama shi ne yadda hantsi ke faɗa wa ruwa a wannan sa'a. Saboda haka sai ya yi sauri, da gajerun shafe na burushi, launi kusa da launi, ba tare da ya murje su sun haɗe ba. Idon mai kallo ne zai haɗa su idan ya ja da baya.

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Sukan ɗauka ruwa shuɗi ne, inuwa kuma baƙa. Ku duba da kyau. Gulbinmu da damina ja-ja ne saboda laka, kuma yana ɗaukar launin samaniya a inda ya kwanta. Inuwar da ke kan yashi tana da shuɗi da shunayya a cikinta, shi ya sa waɗannan masu zane suka rage amfani da baƙin fenti ƙwarai. A ganina, wanda ya gane wannan kaɗai ya yi rabin aikin.

A fara da sama, domin ita ke ba sauran launi. Shafen farko ya zama siriri, mai ɗan mai. Masu kauri su biyo baya. In aka juya tsarin, fentin zai tsattsage bayan ya bushe. Kuma fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, ga ƙurar hunturu, don haka a jingina zanen a ɗaki, fuskarsa na kallon bango. Monet kansa bai tsira ba: har yau akwai ƙwayoyin yashi manne a zanen da ya yi a bakin tekun Trouville a 1870.

Mai gudun zana abu mai rai yana da gaɓa da ruwa da gajimare da kwale-kwale, sun ishe shi. Da yake tsaro ya taɓarɓare a yankin, kada a yi nisa da gari. Ƙaramin zane na gaggawa ya wadatar, a ƙarasa babban a gida. Mai son zurfafa karatu kuwa, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Zariya, garin da su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958.