Tarnaƙi a Sadarwa: Nazari Daga Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

Sadarwa ita ce isar da saƙo daga wani zuwa wani ta yadda za a fahimci abin da ake nufi. Ɗaliban da suka yi nisa a wannan fanni, kamar na Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, Kano, ba su tsayawa ga sanin ma'anarta kawai. Sukan bincika dalilin da ke sa saƙo ya tashi lafiya amma ya isa a gurguje. A wannan babi an dubi wannan matsala, an kuma ɗauki Sabon Garin Kano a matsayin fagen misali.

2.0 Ra'ayoyin Masana

A shekarar 1948, Harold Lasswell ya taƙaita sadarwa cikin tambayoyi biyar: wa ya yi magana, me ya ce, ta wace kafa, ga wa, kuma da wane sakamako. A 1949, Claude Shannon da Warren Weaver suka fito da wani tubali da suka kira hayaniya, wato duk abin da ke shiga tsakani ya gurɓata saƙo. Shi kuwa Wilbur Schramm, a 1954, ya nuna cewa saƙo ba ya isa sai masu zancen sun yi tarayya a kan wani sani na rayuwa. Ke nan, jin harshe ɗaya bai wadatar ba.

3.0 Sabon Gari a Matsayin Fage

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Wajen 1913 Turawan mulkin mallaka suka keɓe Sabon Gari, a wajen ganuwa, domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwar tana maƙwabtaka da Fagge, tsohon zangon fataken Azbin, kuma a yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. A kasuwarta, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ana ciniki da Hausa da Igbo da Yarabanci da Ingilishi da Buroka. Hausa ce gadar da yawancin mutane ke hawa, amma ba kowa ne ya tsotse ta a nono ba.

4.0 Ire-iren Tarnaƙi

4.1 Tarnaƙin Furuci

Hausa tana da baƙaƙe masu ƙugiya waɗanda kan yi wa baƙon harshe wuyar furtawa. Idan aka sauya su, ma'ana kan sauya: kafa da ƙafa, bari da ɓari, kasa da ƙasa. Haka kuma karin sauti ke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Sai dai wannan tarnaƙi shi ne mafi sauƙi, domin muhallin magana yakan warware shi. Mai takalma da aka ce wa takalmi ya matse "kafa" ba zai ruɗe ba.

4.2 Tarnaƙin Nahawu

Igbo da Yarabanci ba su bambanta jinsi a wakilin suna. Saboda haka akan ji mai koyo ya ce "matata ya zo". Irin wannan sassauƙar Hausa ta daɗe, kuma masana sun san ta da sunan Barikanci, saboda ta bunƙasa a barikokin soja. Yawanci takan jawo murmushi ne, ba rigima ba.

4.3 Tarnaƙin Al'ada

Nan ne gizo ke saƙa, domin kalmomin sun fita daidai, amma manufa ta ɓace. Idan mai saye ya taya kaya, mai sayarwa ya ce "albarka", ƙin sallamawa yake nufi. Baƙo kuwa yana iya ɗauka addu'a aka yi masa, ya miƙa kuɗi. Bahaushe kan ce "sai na yi shawara" alhali ya ƙi ne cikin ladabi, kuma yakan ce "ina zuwa" yana mai tafiya. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi ya nuna, amma wanda ya saba da tsarin Turawa yana iya zarginsa da rashin gaskiya. Haɗarin wannan tarnaƙi shi ne kowane ɓangare yana ganin ya fahimta, don haka ba mai neman ƙarin bayani, sai a fassara kuskure da raini ko yaudara.

5.0 Darasi ga Malami

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa. Malamin da aka tura makaranta a Sabon Gari zai tarar da aji mai harsuna da yawa. Wajibi ne ya koyar da gaisuwa da ciniki da neman izini tare da nahawu. Kada ya dogara da "kun gane?", domin kunya kan sa yara su amsa da "e". Gara ya sa ɗalibi ya maimaita bayanin da kalmominsa. Kada kuma ya bari a yi wa mai kuskure dariya, domin wanda aka kunyata sau ɗaya yakan kama bakinsa.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta ra'ayin Shannon da Weaver da na Schramm.
2. Kawo maganganun Hausa biyar da manufarsu ta saɓa wa zahirinsu.
3. Me ya sa tarnaƙin al'ada ya fi na furuci haɗari?