Yadda manhajojin kwamfuta ke tantance ɓarnar gine-gine bayan girgizar ƙasa

A watan Satumban 2018 ƙasa ta motsa a Mpape da ke Abuja, ta sake motsawa a Satumban 2024. Girgizar ba ta yi ƙarfi ba, amma ta bar wa mazauna Babban Birnin Tarayya tambaya: in babba ta auku, ta yaya za a san gidan da ke da haɗarin shiga?

A ƙasashen da suka saba da wannan iftila'i, manhajoji ne ke fara ba da amsa. Hukumar USGS ta Amurka tana da ShakeMap, wadda ke zana taswirar ƙarfin girgiza daga bayanan na'urorin awo, da PAGER, wadda ke haɗa taswirar da yawan jama'a da irin gine-ginensu ta ƙiyasta asara cikin kimanin minti 30.

Wasu kuma hotunan tauraron ɗan'adam na kafin girgiza da na bayanta suke kwatantawa. An yi amfani da irinsu, xView2, a Turkiyya bayan girgiza mai maki 7.8 ta ranar 6 ga Fabrairun 2023, domin nuna wa masu ceto unguwannin da suka fi rugujewa.

Sai dai tauraro rufi yake gani. Bene na iya rasa ginshiƙansa alhali rufinsa na nan kalau, don haka hukuncin ƙarshe na injiniyan da ya duba ginin da idonsa ne.

Haka nan ƙiyasin manhaja ba ya inganta sai da rajistar gine-gine: yawan hawa, kayan gini, shekarar da aka yi shi da irin ƙasar da yake kai. A nan ne lamarin ya shafi Gwagwalada, inda gidajen laka da na bulo ke cakuɗe a unguwanni irin su Dagiri da Kutunku, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da za a garzaya da majinyata. Ƙasa mai laushi, irin ta bakin kogi, tana ƙara ƙarfin girgiza, ga shi Kogin Usuma ya ratsa garin.

Najeriya na da cibiyar lura da motsin ƙasa a Toro, Jihar Bauchi. Abin da za a ɗora a kai shi ne ƙidayar gine-gine tun ana zaune lafiya, wadda za ta kuma yi amfani lokacin ambaliyar da ke addabar Gwagwalada da damina.