Ya ci jarrabawar gwaji, to likita ya samu ke nan?

A gidajenmu na Adjamé da Treichville, da wuya a samu takardar da ke sa iyaye murna ko zullumi kamar sakamakon jarrabawar gwaji, wadda 'yan lakwal ke kira examen blanc. In yaro ya kawo maki mai kyau, tun ba a je ko'ina ba an fara kiransa dokta a tsakar gida. In ya kawo mara kyau, sai uba ya fara lissafin ko gara ya ja shi shago a Forum, ko ya nema masa wani aiki a tashar jiragen ruwa. Babban hukunci ake yankewa a kan takarda guda, shi ya sa ya kamata mu san iya abin da takardar take iya faɗa.

Hanyar zama likita a nan Kwaddibuwa ƙofa-ƙofa ce. Sai yaro ya ci BAC a fannin kimiyya, wato C ko D, kuma BAC ɗin ba wasa ba ne: a 2024 kashi 34 da 'yan kai cikin ɗari ne suka ci. Daga nan akwai matakin da ake tace masu son likitanci da haɗa magunguna da aikin haƙori. Wanda ya tsallake ya wuce Jami'ar Félix Houphouët-Boigny a Cocody, ya yi shekaru yana karatu da zagayen marasa lafiya a manyan asibitoci irin CHU na Treichville, ya kare kundinsa, sannan ya yi rajista a hukumar likitoci, Ordre National des Médecins. Masu son aikin jinya ko unguwarzoma kuma kwankur na INFAS suke nema, a nan Treichville. Kowace ƙofa da irin gwajin da ake sayar wa yara a bakinta.

Inda aka fi auna wannan batu da ma'auni shi ne Amurka, saboda can galibin likitoci ba a ba su lasisin duba marasa lafiya sai sun ci jarrabawar USMLE, mai mataki uku. Hukumar NBME, ɗaya daga cikin biyun da ke shirya jarrabawar, ita da kanta take sayar da gwaji a intanet, sannan ta kwatanta makin da ɗalibi ya samu a gwajin da wanda ya samu ranar gaskiya. Abin da aka gano shi ne alaƙar tana da ƙarfi: wanda ya yi sama a gwaji galibi sama yake yi. Amma da sharaɗi. Gwajin ya fi faɗin gaskiya in an yi shi dab da jarrabawa, kuma in an yi shi da agogo, yadda za a yi ranar. Ko hakan ma ba su yarda lamba guda ta isa ba, sai su nuna wa ɗalibi cewa makinsa na iya hawa ko sauka da kaɗan. Tun Janairun 2022 ma an daina ba da maki a mataki na farko, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi.

Ku lura da wanda ya rubuta gwajin can: masu jarrabawar ne da kansu. Tambayoyin gida ɗaya suka fito. Namu kuwa, sau da yawa wani malami ne ya zauna da tsofaffin takardun da ya saya wajen masu baza littattafai a ƙasa a Adjamé, ya tsinto nan ya tsinto can. Ba laifi ba ne, ni ma malami ne, na san yadda ake yi. Sai dai yaron da ya riga ya haddace waɗannan tsofaffin tambayoyi, in ya sake haɗuwa da su ya ci 16 bisa 20, ƙwaƙwalwarsa aka auna, ba fahimtarsa ba. Mu da muka tashi a makarantar allo mun iya hadda, kuma baiwa ce. Amma tambayar kimiyya in an juya mata riga, hadda kaɗai ba ta gane ta.

A CAFOP an koya mana cewa kowane maki kashi biyu ne: abin da yaro ya sani, da abin da ranar ta zo da shi. Ɗauki yaron da ƙarfinsa na gaskiya 11 ne. Yau tambayoyi sun faɗo a babin da ya fi so, ya samu 14. Wani mako zazzaɓi ya taɓa shi, ko gbaka ta maƙale a cunkoso ya shiga aji yana haki, ya samu 8. Yaron bai canja ba. Saboda haka duk makin da ya yi tsalle sama ƙwarai, mai bi masa yakan sauko, wanda kuma ya faɗi ƙasa ƙwarai yakan ɗago. Iyaye sai su ce baki ne ya kama yaro, ko kuma addu'ar da aka yi ce ta ɗaga shi. Addu'a kam ba a raina ta, amma lissafin ma haka ya ce zai faru. Gwaji ɗaya ba ya isa shaida. Uku ko huɗu a jere, a makonni dabam-dabam, su ne ke nuna inda yaro yake tsaye da inda ya dosa.

Ga kuma abin da na ga ya fi ruɗa mutanenmu. Jarrabawa iri biyu ce, kuma gwaji ba ya yi musu aiki iri ɗaya. BAC layi ne aka ja: ka kai maki 200 cikin 400, ka ci, ko da duk ƙasar ta ci tare da kai. Kwankur ba haka yake ba. Gurabe ne ƙidayayyu, ana jera mutane daga na ɗaya zuwa ƙasa, in gurabe sun cika sai a rufe ƙofa. Kana iya samun 13 ka zauna a gida, don wasu sun samu 13 da rabi. To gwajin da aka yi a aji mai mutum arba'in, me zai gaya maka game da matsayinka a cikin taron da ya taso daga Bouaké da Korhogo da Daloa da manyan lise na Cocody? Na ɗaya a cikin arba'in zakara ne a akurkinsa kawai. Gwajin kwankur yana da daraja ne gwargwadon yawan waɗanda suka zauna masa da kuma ƙarfinsu.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta taɓa tare ni da takardar 'yarta, wadda ke shirin INFAS. Ta ce: "Malam, duba min, an ce ita ce ta uku. In ƙara kuɗin wata ukun, ko ya isa haka?" Na ce: "Hajiya, ta uku a cikin mutum nawa? Kuma da agogo suka yi, ko gida aka ba su?" Ta kira yarinyar a waya. Ashe su goma sha tara ne, kuma a WhatsApp aka turo tambayoyin, aka ce a maido gobe. Ban ce mata ta daina biya ba. Na ce yarinyar ta zauna ranar Lahadi, waya a hannun uwa, littafi a rufe, ta yi takardar da ba ta taɓa gani ba cikin lokacin da aka ƙayyade. Wannan makin ne za a yi shawara da shi.

Haka nan allunan da masu darasin shiri ke kafawa da hotunan ɗalibansu da suka ci. Hotunan na gaskiya ne, ban musa ba. Waɗanda suka faɗi ne ba a kafa nasu. Uban da zai fitar da jika ashirin ko talatin duk wata, daga ciniki irin na yanzu, yana da haƙƙin ya tambaya: mutum nawa kuka shirya bara, nawa suka shiga? In aka fara kame-kame, ya samu amsarsa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar gwaji. Amfaninsa mafi girma ma ba duba ba ne, koyarwa ce. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su koya. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya aka yi ta gwada su. Bayan mako guda, waɗanda aka gwada sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 40. Malaman allo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ake kife allo a ce yaro ya kawo da ka. Sai dai ribar tana cikin gyara. Yaron da ya karɓi takarda ya dubi jan biro na sama ya cusa ta a jaka, ya yi asarar rabin kuɗin ubansa. A zauna da kowace tambayar da aka faɗi, a gano dalili: bai sani ba ne, ko bai fahimci Faransancin tambayar ba, ko lokaci ne ya ƙure masa? Kowanne da maganinsa, kuma na biyun ya fi yawa a yaranmu fiye da yadda muke so mu yarda, tunda da yawansu Hausa da Jula suke yi a gida da kasuwa.

Batun harshe yana sake dawowa ga wanda ya gama a Cocody yana son ya koma Kano ko Katsina ya yi aiki. Hukumar likitocin Najeriya, MDCN, tana yi wa waɗanda suka yi karatu a waje jarrabawar tantancewa, kuma da Turanci ake yin ta. Duk gwajin da ya ci da Faransanci bai auna wannan ba.

Akwai kuma abin da babu gwajin da ke aunawa: takardu. Kwankur na gwamnati yana neman takardar haihuwa da shaidar zama ɗan ƙasa, kuma yana da iyakar shekaru. A unguwanninmu, inda kakanni da yawa daga Maraɗi ko Sakkwato suka zo, akwai yaran da aka haifa a nan amma sunansu a takardar haihuwa dabam, a takardar makaranta dabam, harafi ɗaya ya sauya. Gyaran irin wannan a kotu yakan ɗauki watanni. Wanda ɗansa ke ajin ƙarshe bana, ya ciro takardun nan daga akwati ya jera su ya duba tun yanzu, kafin a buɗe rajista.